Hungari ba tashar mota ba ce



Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, sai maganar Hungari ta taso a tsakaninmu. Lokacin ne gwamnatin ƙasar kan buɗe shafin neman tallafin karatunta, wanda ake kira Stipendium Hungaricum, ta rufe shi a tsakiyar Janairu. Iyaye su yi ta haɗa takardun yara, wasu kuma da Allah Ya hore wa su fara lissafin tura yaro da kuɗin aljihunsu, musamman karatun likita a Debrecen. Wannan abin farin ciki ne. Amma akwai wata magana da ke yawan fitowa daga bakin iyaye, har ma daga bakin yaran: "Ai dai ya samu ya shiga, daga nan sai Jamus." Wato an ɗauki ƙasar kamar tashar Ojota ko ta Mararraba, inda ake sauka a jira wata motar.

Ni a ganina wannan tunanin yana cutar da yaranmu tun kafin su hau jirgi. Wanda zai tura ɗansa Hungari ya tura shi da niyyar zama a Hungari na shekara uku, ko biyar, ko shida, ya koyi harshen mutanen, ya san abincinsu, ya san abin da ke ɓata masu rai. Yaron da ya je da ƙafa ɗaya a waje shi ne ya fi shiga haɗarin dawowa ba digiri ba kuɗi.

Bari mu fara da kuɗi, tunda a nan rigima ta fi tashi tsakanin yaro da gida. An soma shirin tallafin a 2013. Yana ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta, ya ba shi gado a ɗakin kwanan ɗalibai ko forint 40,000 a wata ya cika ya kama haya, ya kuma yi masa inshorar lafiya. Alawus ɗin mai digiri na farko da na biyu forint 43,700 ne a wata. Idan ka ji dubu arba'in da uku sai ka ɗauka wani abin kirki ne, alhali a kuɗin yuro bai wuce 110 zuwa 120 ba. Hungari ta shiga Tarayyar Turai tun 2004, amma har yau forint ɗinta take kashewa. Harajin da take ɗorawa kan yawancin kaya kashi 27 cikin ɗari ne, babu ƙasar da ta kai ta a Tarayyar. A farkon 2023 tashin farashi ya haura kashi 25 cikin ɗari, alawus ɗin kuwa bai motsa ba. Su kansu masu shirin sun faɗa ƙarara cewa gudummawa ce, ba za ta riƙe mutum ita kaɗai ba.

A da, abin da ke cike giɓin shi ne dala 500 da gwamnatin Najeriya ke ƙara wa waɗanda suka tafi ta hannun hukumar bayar da tallafin karatu ta tarayya. Kowa ya ga yadda ta kaya. Watanni suka yi ta wucewa ba a biya ba, a 2024 aka zaftare kuɗin zuwa dala 220, sannan a Afrilun 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da cewa gwamnati ta daina wannan tsarin na tura ɗalibai waje. Don haka duk mai niyyar nema ya fara duba matsayin Najeriya a shafin shirin na shekarar da yake ciki, kuma ya yi lissafinsa ba tare da sa ran ko kwabo daga Abuja ba.

To a irin wannan hali ne uba zai kira yaro wata uku da sauka ya ce kuɗin makarantar ƙannensa ya taso. Yaron ba zai iya cewa babu ba, kunya ba za ta bar shi ba. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki na wasu awanni ƙayyadaddu, sai ya nemi aikin dare a sito ko ya ɗauki keke yana kai wa mutane abinci cikin sanyi. Da safe ya shiga aji yana gyangyaɗi. Shirin yana da adadin darussan da dole a ci a kowace shekara, wanda ya gaza ana iya janye masa tallafin. Takardar izinin zamansa kuma a kan matsayinsa na ɗalibi take rataye. Idan makaranta ta sallame shi, takardar ta bi ta. Masu mafarkin Jamus su ma su sani: takardar tana ba shi damar ziyartar sauran ƙasashen yankin Shengen har kwana 90 cikin kowane kwana 180, amma ba ta ba shi izinin aiki a can. Daga Budapest zuwa Viyana ta Ostiriya tafiyar awa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa, kuma wannan kusancin ne ke ruɗin yara. Wanda ya tsallaka ya ƙi dawowa ya tashi daga ɗalibi mai takarda ya koma mai ɓuya.

Yanzu maganar harshe, wadda ita ce ta fi damuna.

Da Turanci ake koyar da yaranmu a jami'o'in can, shi ya sa da yawa ke ganin ba su da buƙatar harshen ƙasar. Harshen kuwa, wanda masu shi ke kira magyar, gaskiya yana da wuya. Ba shi da dangantaka da Turanci ko Jamusanci ko Rashanci, danginsa na nesa su ne harsunan Finland da Estoniya. Baƙaƙensa 44 ne. Harafin s kaɗai "sh" suke karanta shi, sai an haɗa s da z ake samun "s" irin tamu, shi ya sa babban birninsu a bakinsu Budapesht ne, garin Szeged kuma Seged. Sunan dangi suke fara faɗa kafin sunan yanka. Amma kada mu ce ba mu san komai nasu ba, domin kalma ɗaya tasu tana aljihun kowannenmu. Biro da muke rubutu da shi sunan mutum ne, László Bíró, ɗan jaridar Budapest da ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938.

Masu shirin tallafin sun wajabta wa ɗalibai darasin harshe da al'adun ƙasar a shekarar farko, kuma wanda ya yi wasa da shi ana iya rage masa alawus. Yara da dama suna ɗaukar darasin a matsayin takura, su haddace abin da zai fitar da su jarrabawa su watsar. Wannan asara ce babba. Malamin aji yana jin Turanci, gaskiya ne. Amma mai gadin ɗakin kwana fa? Tsohuwar da ke sayar da tumatir a kasuwa fa? Mai gidan haya, da mai duba tikiti a jirgi, da ma'aikaciyar gidan waya? Waɗanda suka manyanta a ƙasar Rashanci aka tilasta masu a makaranta har zuwa 1989, ba Turanci ba. Ɗalibin likita shi ne abin ya fi shafa. Ranar da zai fara shiga ɗakin marasa lafiya, wadda zai tarar a kan gado wata tsohuwa ce daga ƙauye, kuma da harshenta za ta faɗa masa inda ke mata ciwo. Idan bai ji ba, sai ya tsaya a bayan abokansa yana kallo, iyayensa kuwa suna biyan sama da dala 15,000 a shekara.

Mu da ke zaune a kudu bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Kowa ya san bambancin Bahaushen da ke jin Yarbanci a Agege ko Sabon Ibadan da wanda ya shekara goma bai iya ko gaisuwa ba. Wa ya fi samun sauƙin mai gidan haya? Wa ake turawa idan rigima ta taso a kasuwa? Abin da muka koya da wahala a nan shi ne muke mantawa mu faɗa wa yaro idan zai tafi Turai.

Wani zai ce mini, me harshen mutum miliyan 13 zai amfana wa yaron da zai dawo Kano ko Legas? Tambaya ce mai ma'ana. Amsata ita ce ba don bayan karatu zai koya ba, don shekarun karatun ne. Shekara biyar ba kwana biyar ba ce. Mutumin da ya yi shekara biyar bai iya karanta takardar da aka manna a ƙofar ɗakinsa ba, bai iya yi wa likita bayanin ciwonsa ba, wannan zaman kurkuku yake yi ko da ƙofa a buɗe take.

Ko cin halal ma sai da harshe. Mutanen Hungari masu cin naman alade ne sosai, kuma da kitsensa suke soya abubuwa da yawa na gargajiya. Musulmin da ya sauka can yana buƙatar wasu kalmomi tun ranar farko: sertés shi ne alade, zsír kitse, szalonna kitsen alade mai gishiri, marha naman sa, csirke kaza, hal kifi. Akwai wani ɗan burodi da ake kira pogácsa wanda ake miƙa wa baƙo a kusan kowane taro. Wani da cuku ake yinsa, wani da soyayyen kitsen alade, kuma ido ba ya rarrabewa, sai an tambaya. A Budapest akwai mahautan Turkawa da Larabawa masu yankan halal. A ƙananan garuruwa abin ya fi wuya, sai yaro ya dogara da kifi da ƙwai da wake. Amma wanda ya buɗe baki ya yi tambaya zai tarar da abincin da ba zai ba shi mamaki ba. Lecsó tattasai ne da tumatir da albasa, ɗan uwan miyar dagedage, in dai shi ya dafa da man gyaɗa ko na sunfulawa. Halászlé farfesun kifi ne ja wur, wanda Szeged ta yi suna a kansa. Jan barkonon da suke alfahari da shi, paprika, yawancinsa ba ya da zafi, ya fi kama da garin tattasai, don haka mai son yaji ya tafi da nasa. A Szeged ɗin ne Albert Szent-Györgyi ya tace sinadarin bitamin C daga wannan barkonon, ya samu kyautar Nobel a 1937. A jami'ar garin kuma Katalin Karikó ta yi karatu, wadda ta samu Nobel a 2023 saboda binciken da aka gina rigakafin korona a kansa. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan goma ba, wato ko Legas ba ta kamo ba, amma a fagen kimiyya ba a raina ta.

Na san abin da ke zuciyar iyaye mata a nan. Idan aka ce yaro ya shiga mutane, ai giya za su koya masa. Tsoron yana da tushe. A gidan ɗan Hungari, karrama baƙo ita ce a miƙa masa ɗan kofin pálinka, wata barasa mai ƙarfi da ake yi da 'ya'yan itace, kuma tsofaffi kan nace. Sai dai ku duba da kyau, wa ya fi iya ƙin karɓa cikin mutunci? Wanda zai iya cewa "köszönöm, nem iszom alkoholt", wato na gode ba na shan giya, ya ƙara da bayanin dalilinsa, ya yaba girkin uwar gida, ya cire takalminsa a bakin ƙofa kamar yadda suke yi. Wannan za a sake gayyatarsa, kuma karo na biyu ruwan 'ya'yan itace zai tarar a ajiye. Kulle kai a ɗaki ba ya tsare tarbiyya. Yaron da ba shi da kowa sai waya da mutum uku 'yan ƙasarsu, duk inda waɗannan ukun suka nufa nan zai bi, ko masallaci ko gidan rawa.

Kaɗaici kuwa a can yana da lokacinsa. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin kusan awa huɗu, a tsakiyar lokacin darasi, kuma ba kiran salla zai ji ba. Dole ya san inda zai raɓe ya yi sallarsa, dole ya iya roƙon mai gadi ya buɗe masa wani ɗaki. Daga yammacin 24 ga Disamba kantuna sukan rufe har kwana biyu, ɗaliban ƙasar duk su tafi gida, ɗakin kwana ya yi tsit kamar an yi shara. Ga duhu, ga sanyi, ga jarrabawa a gaba. Irin wannan makon ne ke karya zuciyar yaro, kuma wanda ya yi aboki ɗan ƙasa shi ne ake ce wa taho mu je gidanmu.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Hungari ba ƙasa ce da ta saba da baƙar fata ko Musulmi ba. Musulmin da ƙidayar ƙasar ta nuna ba su kai 10,000 ba. A 2015 gwamnatin Viktor Orbán ta kafa shingen waya a iyakarta da Sabiya don tare 'yan gudun hijira, kuma an shafe shekaru ana manna allunan yaƙi da baƙin haure a kan tituna. Yarinya mai hijabi a ƙaramin gari za ta sha kallo, wani lokaci har da baƙar magana. Babu wanda zai ce laifinta ne, kuma iya harshe ba ya hana mai mugun hali halinsa. Amma ita ce ƙasar da a 2022 ta buɗe iyakarta ta Záhony ga ɗalibanmu da suka gudo daga yaƙin Yukren, har jiragen Najeriya suka kwaso su daga Budapest. Duka biyun gaskiya ne.

Yaron da ya san ɗan tarihinsu zai fi gane abin da yake gani. Turkawan Daular Usmaniyya, ta Istanbul nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, sun ci sojojin Hungari a Mohács a 1526, suka riƙe Buda daga 1541 har 1686. Yaran makaranta na can da labarin wannan mamaya suke tashi, da labarin yadda garin Eger ya ƙi faɗuwa a 1552. Saboda haka a tunanin mutum na gari, Musulunci da sojan mamaya a haɗe suke zuwa. Amma alamun zamanin suna nan an adana su. A tsakiyar birnin Pécs akwai masallacin Gazi Kasim Pasha wanda aka mayar coci, akwai kuma na Yakovali Hassan da har yanzu ake salla a cikinsa. A Budapest akwai hubbaren Gül Baba, a Eger hasumiya na tsaye. Tun 1916 majalisar ƙasar ta amince da Musulunci a dokance. Ɗalibin da ya san wannan yana da abin faɗa idan hira ta zo, ba sai ya sunkuyar da kai ba.

Sai ciwon da ya fi kowanne a zuciyarsu, yarjejeniyar Trianon ta 1920, wadda ta yanke wa ƙasar kusan kashi biyu cikin uku na faɗinta bayan yaƙin duniya na farko, ta bar miliyoyin masu harshensu a Romaniya da Sulobakiya da Sabiya. Ba abin wasa ba ne a wurinsu. Haka 23 ga Oktoba, ranar tunawa da boren 1956 da tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe. Kuma don Allah a gaya wa yaro kada ya kuskura ya kira Budapest da Bukarest, wannan babban birnin Romaniya ne.

Sauran abubuwan ƙanana ne, mako biyu sun isa a koye su. Ba a ɗaga murya a waya cikin jirgin ƙasa na cikin gari. Tikiti sai an saka shi a na'ura ta buga, masu dubawa ba sa jin "ban sani ba", tara ce kawai. Ɗalibi mai katin makaranta yana da rangwame mai yawa: lokacin da aka fito da tikitin wata na zagaya ƙasa a 2023, forint 1,890 aka sa wa ɗalibai, don haka ba shi da hujjar shekara biyar bai ga tafkin Balaton ba. Ƙarfe takwas a wurinsu ƙarfe takwas ne.

Jarrabawa ce kawai zan ɗan tsaya a kanta, don ta sha bamban da tamu. Maki daga 1 zuwa 5 ne, 5 ne ƙololuwa, 1 faɗuwa. Darussa da yawa, musamman a fannin likita, da baki ake jarraba su. Ɗalibi ya shiga ya zari takarda, duk batun da ya fito a kai zai tsaya gaban farfesa ya yi bayani, a yi masa tambaya a kan tambaya. Yaranmu sun saba da haddace amsa su zuba a takarda, kuma an tarbiyyantar da su kada su haɗa ido da babba. A can sunkuyar da kai da yin ƙasa da murya ana iya ɗaukarsu alamar rashin sani. Waɗanda suka san halin kowane farfesa da irin tambayar da yake so su ne ɗaliban ƙasar da na ajin gaba, kuma ba a allo ake manna wannan ba, a wurin shan shayi ake jinsa.

Saboda haka iyaye, idan kun kira yaro, bayan kun tambaye shi salla da lafiya, ku tambaye shi sunan maƙwabcinsa. Ku ce ya ƙirga maku ɗaya zuwa goma da harshen garin. Ku tambaye shi darasi nawa ya ci a wannan zangon, ya turo maku hoton sakamakon daga shafin makaranta da suke kira Neptun. Maganar aike ku bar ta sai ya gama. Lokacin kira ma ba wuya: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu da nasu ɗaya ne, sauran watannin kuma suna gabanmu da awa guda.